Injin Baba Ya Shanye Tsamin Zoɓon Inna

Jiya na tarar da Baba a bakin dam a Kabo, ya tsoma ƙafar injin kwalekwalensa cikin duro. Datti ya toshe hanyar ruwan da ke sanyaya shi, inji na ta zafi, makanike ya ce a wanke da garin tsami.

Sai ga wayar Inna: "Malam, ina garin tsamin zoɓona? Gobe fa suna!"

Baba ya ce, "Mara lafiya na bai wa, zazzaɓi yake."

Ta ce, "To in ya warke, ya zo ya yi wa baƙi bayani."

Inji dai ya warke sarai, ni aka tura Gwarzo sayo wani. Ku fa, me aka taɓa kwashe muku a kicin da sunan gyara?