Gashin Zabon Baba Sanda

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku saurara. Har gobe ban manta da wata safiya a gulbin Bunguɗu ba, shekara biyu da ba mu jiha. Lokacin ina ƙaramin malamin kifi a ofishinmu na Gusau.

Masunta ne suka kawo ƙara. Wai wani tsoho, Baba Sanda, yana zuba guba a ruwa, don kowa komawa gida yake hannu rabbana, shi kuwa gorarsa cike. A ƙa'ida, wanda aka kama da wannan laifi a ƙwace kayansa, a raba shi da gulbi har abada. Shugabana ya miƙo min takardar hukuncin, har ya riga ya sa hannu.

"Malam Bala, shaida kawai nake so," in ji shi.

Ranar Laraba na isa da sassafe, washegarin ruwan farko. Ƙasa na ƙamshi. Tururi na tashi daga gulbi, gina kuwa, garar nan mai tashi, ta fito, tana ta faɗawa bisa ruwa da fikafikanta. Na laɓe bayan wata kanya, wai ni mai kama ɓarawo.

Tsohon yana tsaye cikin ruwa har gwiwa. Ya kaɗa sandar fatsa, zaren ya yi lilo a iska, wani abu fari-fari ya sauka a hankali yana bin ruwa. Sai ga kawara, kifin nan, ta ɗago ta cafke. Ya sake. Wallahi na manta abin da ya kawo ni. Ji na yi kamar ban gama farkawa daga barci ba.

"Malamin gwamnati, fito, cinnaka za su cinye ka," ya ce bai ko waiwayo ba.

Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, ina maganin?"

Ya ɗora min ƙugiya a tafin hannu. Gashin zabo ne aka ɗaure mata da baƙin zare, sak gina.

"Su sauran masuntan, tsutsar tana suke nutsarwa ƙasa," ya ce. "Kifi kuwa a kwanakin nan sama yake kallo."

Da na koma, shugabana ya ce, "Ina shaidar?" Na ajiye masa ƙugiyar bisa takardar. Ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ja biro ya soke sa hannunsa.

Shi ya sa nake gaya muku, kafin ku rubuta sunan mutum, ku je ku zauna bakin ruwansa. Saura ƙiris mu raba gwani da gulbi don kawai ya fi mu lura.