Ɗan da ba ya cikin rajista

Ana idar da sallar asuba muka bar Babura, mu huɗu daga ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata, ɗauke da gero da sabulu da atamfa, za mu kai ziyara wani gidan kula da tsofaffi da ke tsakanin Kazaure da Roni. Hanyar ba laifi, ban da wasu ramuka bayan Kanya Babba waɗanda direbanmu ya ce ya haddace su, amma bai bar ko ɗaya bai faɗa ba. A Kazaure muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai. Kuɗin ƙosan bai ƙaru ba, girmansa ne ya koma na gurjiya.

Gidan ya fi yadda na zata. Tsakar gida a share, inuwar darbejiya, sashen maza daban, na mata daban. Ba a barin namiji ya shiga wajen mata sai wanda aka rubuta a rajista a matsayin ɗa ko ɗan'uwa. Dokar ta yi mini daidai, domin a sashen ajiye bayanai na ƙare aikina, na kuma san darajar rubutu.

A bakin ƙofa muka tarar da wani Bafulatani mai furfura a tsugune da ƙwaryar nono. Maigadi ya ce zuwansa na uku ke nan, yana cewa mahaifiyarsa na ciki, alhali rajista ta nuna tsohuwar ba ta da kowa.

Na sami tsohuwar, Inna Dije, a ɗakin da suke zaune da Mama Ngozi, 'yar ƙabilar Ibo da ta tsufa tana sayar da kayan miya a kasuwar Kazaure. Kowacce da carbinta da addininta, kuma kullum sai sun yi gardama kan yawan barkono. Na nemi rajistar na duba. An rubuta cewa 'ya'yan Inna Dije biyu ne, duk sun rasu, kuma daga asibiti aka kawo ta. Na tambaye ta da kaina, ta ce mata biyu ne, Allah ya karɓi abinsa. Da na ce kafin su fa, sai ta juya fuska bango.

Mama Ngozi ta ce, "Hajiya, kar ki wahalar da kanki. Buba ne a waje, ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta ƙirga shi. Ya tafi kudu da shanu ta kwanta ciwo. Sau nawa ina faɗa musu, suka ce ni baƙuwa ce, me na sani?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. A ƙasar da kowa ya san kunyar ɗan fari, an raba uwa da ɗanta da layi ɗaya na biro, kuma wadda ta gane al'adar ita aka kira baƙuwa. Na je wurin shugabar gidan. Ta kare kanta da cewa sun kai Inna har ƙofa, sun tambaye ta ko ta san mutumin, ta sunkuyar da kai. Na ce mata da ba ɗanta ba ne, da ta dube shi ta ce ba ta san shi ba. Sai ta ɗauko biro ta sa Buba a rajista. Wannan adalcin kam na yaba mata. Ni da Mama Ngozi muka sa hannu a matsayin shaidu.

Buba ya shigo ya tsuguna nesa da tabarma, ya gaida kowa. Inna ba ta ɗaga ido ba. Can ta taɓa gwiwar Mama Ngozi ta ce, "Ke, tambayi mutumin nan, a kudun ba sa cin abinci ne?"

Mun iso Babura ana kiran magariba, ƙura har gira, raina fes. Na dawo da gyara ga aikin da na ɗauka na ƙware a kansa: kafin a rubuta cewa tsohuwa ba ta da kowa, a fara tambayar wadda suke kwana ɗaki ɗaya.