Ranar Da Aka Ce In Bar Ajina In Ɓuya

Abubuwa da yawa sun same ni tun zuwana Landan, wasu ma sai an tuna min nake tunawa. Amma ranar da aka nemi in fita daga ajina in ɓuya, wannan kam ba za ta bar raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi da ke karɓar manya daga ƙasashe daban-daban, masu son gyara harshensu kafin su shiga jami'a ko su nemi aiki. Na sha yawo kafin in samu gurbin. A waya a yi ta yaba ni, da na je an ga fuskata sai a ce ai an riga an ɗauki wani. Turanci na karanta a Zariya, na koyar shekaru a Kaduna, na zo nan na ƙara takardar koyarwa, duk da haka sai da wani ya tambaye ni, ko kunya babu, wai a ina na iya Turanci haka. Shi ya sa na riƙe aikin nan hannu bibbiyu. Ga maigidana yana karatu, ni ke ɗauke da gidanmu a unguwar Catford.

Wata safiya shugabar makarantar, Baturiya mai fara'a wadda kullum take yabon aikina, ta kira ni ofis. Ta ce wakilan da suke turo mana ɗalibai daga waje za su zo su zaga azuzuwa. Sai ta sassauta murya.

"Ki ɗan huta a ɗakin malamai, ki sha shayi. Za a riƙe miki ajin har su tafi."

Na tambaye ta wa zai riƙe. Ashe mutumin da ke kai ɗalibai yawon ganin gari ne. Bature, mutumin kirki, amma bai taɓa tsayawa gaban allo ba.

Na ce, "Laifin me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Kin dai san mutanen nan, akwai irin malamin da suke sa ran gani. Ni ba haka nake ba, harkar kasuwa ce."

Ba zan ɓoye muku ba, na tafi ɗakin malaman. Har na haɗa shayin, na kasa sha. Na kira maigidana a waya, na faɗa masa. Ya ce, "Maman yara, ki yi abin da za ki iya kallon kanki a madubi bayansa. Ba da yunwa za mu mutu ba."

Na ajiye kofin na miƙe. Da na tura ƙofar ajin, na tarar da bawan Allah nan yana ta juya littafina, gumi na keto masa. Na miƙa hannu, ya ba ni alƙalamin allo da sauri, har da godiya. Na ci gaba da darasina daga inda muka tsaya jiya.

Ba a jima ba shugabar ta shigo da baƙinta. Da muka haɗa ido fuskarta ta yi ja. Ban jira ta gabatar da ni ba, na ce, "Barka da zuwa. Ni ce malamar ajin nan, daga Najeriya nake. Ku samu wuri ku zauna."

Ɗaya daga cikinsu ya juya ya tambayi shugabar a hankali ko mataimakiya ce ni. Na ji shi, ɗalibai ma sun ji. Wata likita 'yar Brazil da ke gaba, wadda ta zo mana ko gaisuwa ba ta iya haɗawa, ta ɗaga kai ta ce masa da Turancinta mai tsabta, "Malamarmu ce. Don ita muka zo." Suka zauna har ƙarshen darasi. Abin da suka tafi da shi a ransu, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ba a kore ni a ranar ba, Turawa ba sa yin haka. Aka dinga rage min azuzuwa, da wa'adin kwantiragina ya cika aka ce babu gurbi. Mun sha wuya a watannin da suka biyo baya, sai da na yi aikin kula da tsofaffi kafin in samu koyarwa a wata kwalejin manya a unguwar Lewisham, inda nake har yau. Amma ko sau ɗaya ban yi nadama ba.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, mai son ya ci moriyar iliminka yana ɓoye fuskarka ba zai gaji da nema ba, in ka ba shi yau gobe ma zai dawo. Aiki ana rasawa a samu wani. Amma da na zauna a ɗakin nan na shanye shayin, da har gobe ina ganin kaina a matsayin wadda ta cancanci a ɓoye.