Saiwar Gamba a Ƙarƙashin Yashi

Jiya bayan an ɗauke ruwa na bi ta bakin wata kwata, warin laka da ruɓaɓɓen kara ya bugi hancina. Sai ga ni a garinmu Karofi ina 'yar firamare, shekarar da rafinmu ya yi ambaliya.

Kakata gona ɗaya gare ta a fadama, wadda kakanmu ya mutu ya bar mata, da ita take ci. A lokacin, in ba ka sani ba, ciyawar gamba ake shukawa a jere tsakanin gona da gona, ita ce iyaka, ita ce shaida. Da ruwa ya janye aka ce yashi ya binne komai. In iyaka ta ɓata, tsohuwa ba ta da bakin ja da maƙwabcinta, magidanci mai 'ya'ya maza. Da hantsi ta ce in ɗauko mata sanda mu tafi.

Hanyar da nake bi kullum in kai fura gona babu ita. Ƙaton marken da muke hutawa a gindinsa yana kwance, saiwoyinsa a sama sun fi ɗakinmu tsayi. Tarwaɗa na mutsu-mutsu a kwarin kunyar dawa. Tabarmar wani na rataye a reshen kanya, inda ko dogon namiji ya miƙa hannu ba zai taɓa ba. Kaka da bakinta ba ya hutawa, ko kaza ba ta ƙyalewa, ran nan tasbihi kawai take yi. Ni kuwa tsoro da mamaki suka cika ni. Ruwan da muke wanke kwanuka a ciki ne ya yi wannan aiki.

Muka iske gonar fari fat, yashi har inda ido ya tsaya. Maƙwabcin ya riga mu, yana durƙushe yana tono da hannu. Na ɗauka sabuwar iyaka yake ja.

"Sannu da aiki, Malam," in ji Kaka.

"Yawwa Iya, taho ki gani. Ganyen ya tafi, amma saiwar tana nan."

Ya bi layin yana tonowa, dunƙule bayan dunƙule. Kaka ta nuna wani wuri da sanda, can baya ta ɓangarenta.

"Ni nan na zaci ta tsaya."

"A'a Iya, kin cuci kanki. Taki har nan ta kawo."

Kaka ta zauna daɓas a kan yashi ta rufe fuska da gefen zane. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar.

Yanzu turakun siminti aka kafa a fadamar, kowa da takardarsa. Bara na ji jikokin mutumin nan da 'yan'uwana suna gaban alƙali a kan wannan iyakar, ko gaisawa ba sa yi. Na tambaya ko wani ya je ya tona. Aka ce gambar tuni aka tuge ta, wai tana cinye wuri.