Baba Mai Tef, Wanda Ba Ya Yanka Sai An Jiƙa

Kullum da safe, kafin a gama buɗe shagon sayar da jins da yake aiki a ciki, Baba Mai Tef ya riga ya goge teburinsa na lungu, ya rataya tef a wuya, ya shimfiɗa tsofaffin wandunan jins ɗaya bayan ɗaya. Ya auna ƙugu, ya auna cinya, ya auna tsawo, ya rubuta da alli a cikin aljihu. Shekara ashirin da shida ke nan. Lambar da ke jikin wando ko kallonta ba ya yi. Ya ce wandon da ya sha wanki shekara talatin ya daɗe da mance lambarsa.

Ni ta dalilin jikana na san shi. Angon nan nawa gemu har ƙirji, amma da ya ga jins mai kauri irin na da, shi ke nan, hankali ya tafi. Shi da abokansa sai su wuni suna musu a kan launin zare. Wata rana ya sayi sabo dal, ɗinkin da, wanda bai taɓa ganin ruwa ba, ya ja ni rakiya a rage masa tsawo.

Baba ya murza ƙyallen, ya ce, "Ɗana, ka jiƙa shi?"

Jikana ya ce, "Wace jiƙawa kuma, Baba? Masana sun ce sai ya yi wata shida bai taɓa ruwa ba."

"To masanan su zo su yanke. In na sa almakashi yau, ranar da ya sha ruwa zai ɗage inci biyu, ka fito kamar mai tsallake kwata."

Na ce, "Rabu da shi, Baba, tun yana goye ba sa shiri da ruwa."

Da ƙunƙuni ya je ya jiƙa. Inci biyu cif wandon ya tsuke. Kuma da Baba ya yanke, sai ya mayar da kalmasar ƙafar ta asali, ko mai ido huɗu ba zai gane an taɓa ba.

To wannan bawan Allah ne ɗan mai shago, da ya karɓi ragama bana, ya ce a ɗauke teburinsa ƙarshen wata. Wai za a sa madubi da fitilar ɗaukar hoto, ciniki ya koma waya. Kai jama'a. Awon da suke tinƙaho da shi a wayar, daga allin wa suke kwafa? Masu ƙaunar jins ɗin kuwa, da suka cika duniya da hotunan ƙafafunsu, ko ɗaya bai taɓa ambaton hannun da ya gyara ba. Yanzu ma sun yi gum, kamar an ɗinke musu baki.

Baba, kai ne ka hana mai tumbi sayen abin da ba zai zauna da shi ba, ko da ciniki zai ɓaci. Kai ne mai gaskiyar awo. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya saka maka da alheri. Masu koyon sana'a, ku je ku ga yadda ake yi tun teburin yana nan.

Ku kuma da kuke sanye da aikinsa, saura kwana tara. Ku je shagon da ƙafafunku, ku faɗa wa ɗan mai shagon nan cewa inda teburin ya koma, can za ku bi. Ni dai jibi zan je da kujerata, kuma ba ni da saurin tashi.