Iya Mojida da Hoton da Kwamfuta Ta Ƙi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Litinin, 9 ga watan Satumba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Alhaja Simiyatu Abike Oladokun, wadda duk layin maɗaba'u na Mokola, a nan Ibadan, ya fi sani da Iya Mojida. Ta rasu a gidanta na Oke-Are bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura bayan La'asar. Ta bar miji da 'ya'ya da jikoki, ta kuma bar mu, masu hoto da masu zane, waɗanda kwamfutocinmu suka wayi gari marayu.

Na zauna da niyyar in yi miki rubutun kuka, Iya Mojida, amma duk abin da na tuno game da ke sai dariya ta riga hawayen fitowa. Ki yafe mini. Na san da kina nan cewa za ki yi, "Mola, share hancinka, kada ka jiƙa mini kibod." Mola, sunan da Yarabawa ke kiran kowane Bahaushe, shi kika laƙaba mini, ni Hamisu haifaffen unguwar Sabo, tun ranar da na kama shago jikin naki, ba ki kuma sake shi ba har kika koma ga Allah.

Shagonki bai fi ɗakin ajiyar gawayi girma ba, amma shi ne asibitinmu. Duk wanda manhajar gyaran hoto ta sanƙare masa, ko ta rufe kanta ana tsakiyar aiki, wurinki yake nufa yana haki. Ke kuwa ba kya fara kai hannu ga maus. Sai kin zauna, kin gyara gwaggwaro, sannan ki tambaya, "Me ka saka mata jiya?" Kowa sai ya rantse bai saka komai ba. Ki buɗe, ki ce, "To, ashe aljanu ne suka sauko da wannan tarkacen na ƙara wa amarya haske?" Daga nan ki yi ta cire su ɗaya bayan ɗaya, kina gwadawa, har mai laifin ya bayyana. Ni kuwa Allah ya yi ni da zafin kai, in tawa ta rufe tebur nake duka. Ta bayan bango sai in jiyo muryarki: "Mola, teburin ne ya ci maka amana? Ka dai adana aikin?" Ban adana ba, kin kuma san ban adana ba.

Wannan duk kowa a layin zai iya faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Taju, wadda a shagona ta faru.

Shekarar bara waccan iyalan Ajadi na unguwar Oje suka kawo mini aiki. Mahaifiyarsu, Mama Wosilatu, za ta cika shekara tamanin, za a yi mata addu'a da walima, suna son babban bana da za a rataya a bayan kujerarta: ita a tsakiya, 'ya'yanta kewaye da ita, kowa cikin anko. Babban ɗan shi ne Alhaji Lamidi, dillalin siminti, mutum mai jiki da murya. Sai Sidikatu, mai sayar da atamfa a kasuwar Bagi. Sai autansu Tajuddin, wato Taju, wanda ya daɗe a Abijan. Ba ciniki kaɗai ya kai shi can ba. Ya ƙi zama a shagon wansa ne, magana ta yi zafi, Mama ta ce cikin fushi kada ƙafarsa ta sake taka gidanta, shi kuma ya ɗauki maganar uwa da nauyinta.

Sidikatu ce ta yi ta lallashi har tsohuwa ta sassauta. Amma Mama mace ce mai duba alamu, ko ƙadangare ne ya faɗo daga rufi sai ta nemi fassararsa. Ta ce, "Ku sa shi a hoton. In ya zauna cikinku lafiya a hoto, to ya zo ya zauna a gida." Sidikatu ta aika masa yadin ankon, ya ɗinka, ya ɗauki hoto, ya turo ta waya. Ya sayi tikitin mota, yana jiran a ce masa taho.

Ranar haɗa aikin su biyun suka zo, suka zauna a bayana. Na sa Mama, na sa Alhaji, na sa Sidikatu da sauran dangi, komai lafiya lau. Na jawo hoton Taju, kafin ya sauka manhajar ta ɗauke ɗif. Na sake buɗewa, na sake jawo shi, ta sake rufewa. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya na kunna, haka ɗin dai.

Alhaji Lamidi ya miƙe yana tattara babbar rigarsa. Ya ce, "Kin gani da idonki, Sidi. Ko ƙarfe ya san bakin uwa. Ni ba zan ɓoye wa Mama wannan ba."

Sidikatu ta zube a kan gwiwoyinta. "Buroda, yayana, don Allah ku dakata. In Mama ta ji wannan, shi ke nan, sai dai su gana a lahira."

Ni kuma na koma sana'ar da na iya, na hau dukan tebur. Shi ya shigo da ke, da gasasshiyar ayaba a hannu da gyaɗa a ƙullin leda. Kika rusuna kika gaida Alhaji, kika ɗaga Sidikatu, kika saurari labarin har ƙarshe kina tauna. Ba ki yi wa kowa dariya ba, ba ki kuma ce bakin uwa ƙarya ne ba. Cewa kika yi, "Alhaji, ku ba ni aron haƙurinku kaɗan. In har yaron ne ba ta so, ai ko shi kaɗai ne a fili ba za ta so shi ba."

Kika ture ni daga kujerata, kika buɗe sabon shafi fari fat, kika fara sa Taju, shi da kowa ke tuhuma. Ya zauna daram, yana murmushi da hularsa a karkace. Kika kawo Mama kusa da shi, ba abin da ya motsa. A nan Sidikatu ta fara hawaye, don rabon da ta ga fuskokin nan biyu kusa da juna ta manta. Kika sa hoton Sidikatu, kika sa sauran. Lafiya. Sannan kika jawo hoton Alhaji Lamidi. Ɗif!

Ni na kafa ido a kan silin, don in na kalli kowa dariya za ta kashe ni.

Alhaji ya ce, "Kina nufin ni Mama ta yi wa baki?"

Kika ce, "A'uzubillahi! Ku da kuke sauke mata buhun shinkafa duk wata? Alhaji, ku babba ne, hotonku ma babba ne. Wa ya yi muku shi?"

Ashe hoton da aka yi masa ne don allon shagonsa, wanda ake hangowa tun daga titi, ya kuma kafa mini sharaɗi kada a rage ko ɗigo. Kika buɗe shi daban, sai ga gyara hawa-hawa, ba a haɗe ko ɗaya ba: an ƙara wa rigar aiki, an ɗaga hula, an sa agogon zinari, an kuma ɗan rage tumbi. Wannan na ƙarshen kika yi saurin rufewa, amma Sidikatu ta riga ta gani. Kika ce, "Kamar tasin garin nan ne. Mai buhu goma ya cika ta tun daga tasha, ɗan siriri ya shiga daga ƙarshe, taya ta fashe, sai a ce siririn ne maye. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ta cika, Taju dai shi ne na ƙarshen shiga."

Kafin kunya ta kama Alhaji, sai kika juyo kaina. "Rabin laifin ma na wannan Molan ne. Ku dubi cikinta, bukukuwan da ma'auratan sun aurar da 'ya'yansu har yanzu suna nan. Ina manhaja za ta sami wurin shimfiɗa aiki?" Na buɗe baki zan kare kaina, kika taka mini ƙafa. Sai daga baya na gane ni kika bayar fansa don dattijo ya fita da mutuncinsa. Kika kwashe tsofaffin ayyukana zuwa wata ma'ajiya, kika haɗe gyare-gyaren hoton Alhaji wuri guda, kika rage nauyinsa daidai girman banar. Kowa ya shiga, manhajar ko tari ba ta yi ba.

Alhaji Lamidi ya daɗe yana kallon allon. Can sai ya fashe da dariya, tumbin gaskiya yana rawa. Ya ce, "Ashe ni na cinye wurin yaron." Ya karɓi wayar Sidikatu, ya kira Abijan da kansa. Abin da na ji ya faɗa kawai shi ne, "Kai, ɗan banza, hularka a karkace take. Taho a gyara maka."

Taju ya zo. Ni na ɗauki hotunan walimar, na ga lokacin da ya kwanta rub-da-ciki a gaban mahaifiyarsa kamar yadda ɗa yake yi a al'adar Yarabawa, ta kama kunnensa ta murɗa, sannan ta rungume kansa tana yi masa kirarin gidansu. Mama Wosilatu ba ta kai wata shekarar ba, kuma kanta na bisa cinyar Taju ta cika. Ke kuwa ranar walimar ko leƙawa ba ki yi ba, kina can kina faɗa da wani mai kalanda da ya cika kwamfutarsa da ƙwayoyin cuta.

Ranar Litinin, da aka jera sahu za a yi miki salla, na hango mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ƙato, ɗaya siriri, Alhaji Lamidi da Taju. Bayan an dawo daga maƙabarta 'yarki Mojida ta ja ni gefe, ta ce, "Baba Hamisu, su wane ne waɗancan da suka ƙi sakin makarar Mami? Ba danginmu ba ne, ƙaramin kuma ya fi mu kuka." Na ce mata ta zauna, labarin yana da ɗan tsawo. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce ba ki taɓa ba su wannan labarin a gida ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji Rasaki Oladokun, da Mojida da ƙannenta, da jikoki, da dukan 'yan layin Mokola. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da ta bari, ya sa kada zumunci ya yanke a bayanta.

Ke kuma, maƙwabciyata, Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Kin nemo wa ɗan wani wurin zama a tsakanin danginsa lokacin da aka ce babu. Allah ya yalwata miki naki makwancin, Iya Mojida, ya haskaka shi. Amin.