Na'urar Gwaji a Falon Maman Mirabel

Duk unguwarmu ta Badariya, a nan Birni, an san Maman Mirabel da gwaji. Idan za ta sayi atamfa sai ta roƙi ƙyalle, ta wanke ta shanya kwana biyu ta ga ko zai zuba. Wani mai albasa daga Augie ya taɓa rantsuwa ba zai sake tsayawa ƙofarta ba, don ta sa shi ya zazzage buhu har gindi. Ya ci gaba da zuwa abinsa. Ni Zuhura, katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma na sha gaya mata da bakina cewa wannan halin nata yana gajiyar da mutane.

Sunanta Judith. Ita da mijinta Silvanus, malamin sakandare, sun zo daga Pankshin shekara guda bayan an ba mu jiha. Da tafireta ta fara, a gindin dogonyaro kusa da sakatariya, tana buga wa mutane takardar neman aiki. Lokacin kowa neman aiki yake, har waɗanda suke da shi. Kafin shekara goma ta mayar da zauren gidanta shago, da kwamfuta biyu da firinta, ta kuma jawo waya daga kafen da ke bayanta, mai babban farantin kama intanet a kan rufi.

Abin da ya hana ta sakat shi ne bairos, cutar kwamfuta. Ma'aikaci zai zo da disket ɗin da ya ajiye aikinsa a ciki ya ce wasiƙa ɗaya kawai, kafin ya fita na'ura ta kama ciwo. Ana haka wani ɗan'uwanta ya aiko mata faifan kwamfuta daga Jos, ya ce manhaja ce da masu ita suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya iya ma ya gyara. Jin kyauta ne ya sa ta ƙara tsuke fuska. Ba ta yarda ta sa a na'urorin shago ba. Wata tsohuwar kwamfuta ta samo ta ajiye a falonta, ta ɗora manhajar a kai, ta rubuta tambayoyinta a littafin 'yan makaranta. Za ta buɗe takardun da ma'aikata ke kawowa ba tare da layi ya karkace ba? Firinta za ta yarda da ita? In an ɗauke wuta ana tsakar aiki, me zai rage? Har disket ɗin da ta san yana da cuta ta riƙa cusa mata da gangan. Wata biyu tana wannan abu, Silvanus yana cin abinci a kan gwiwa saboda an ƙwace masa tebur. Tambaya ɗaya ta rage, wato kiran waya ta intanet, don ba ta da kowa a ƙetare da za ta kira.

Sai ga ƙarshen shekarar 2004, rediyo ya ce teku ya yi ambaliya a ƙasashen gabas, ya ci mutane ba adadi. Cikin wuraren da aka ambata har da tsibirin Maleshiya inda yayana Mujtaba yake karatun kiwon kifi. Kwana uku muka yi ba labari, sannan ya aiko imel cewa yana lafiya, ruwan bai kai unguwarsu ba. Judith ta buga min a takarda, na hau mota sai Argungu wurin mahaifiyarmu, ina murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Inna ta saurara har na gama karantawa, ta ce, “To, madalla,” ta ci gaba da tankaɗe. Mujtaba ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna hira da shi ba, balle ta tambayi lafiyarsa a gaban mutane. Wannan kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta da gaske. Amma ta san yadda muke yi da mutuwa, a ɓoye wa tsohuwa, a ce ana jin jiki, a ce an samu sauƙi, har a shirya yadda za a gaya mata. Takarda kuwa kowa na iya bugawa. Cikin mako biyu ta zabge, maƙwabciyarta Hauwa'u ta aiko min cewa ko surar da take ja a salla sai ta ɓace mata. Na ji haushi, na ji tausayi, na rasa ta inda zan kama.

Judith ce ta ce, “Ki kawo ta. Ga na'ura, a gwada.” Muka yi imel da Mujtaba aka tsayar da ranar Asabar da hantsi, lokacin su can la'asar ta yi.

A nan na yi wautata. Na isa Argungu da sassafe, ba aike ba komai, na ce, “Inna, ki shirya mu tahi Birni, akwai abin da za ki ji.” Ban lura da abin da na faɗa ba sai da na ga ta ɗauki carbi da zane mara ado, ta leƙa ta katanga ta ce wa Hauwa'u ta kula mata da awaki kwana bakwai. Da irin waɗannan kalmomi ake ɗauko mutum zuwa zaman makoki. Duk rantsuwar da na yi a mota ba ta shige ta ba. Da muka kusa Ambursa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “In akwai magana a hwaɗi. Ni ba yarinya ta ba.”

Mun tarar Judith ta tayar da janareta tun kafin a ɗauke wuta. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta zaunar da ita gaban na'ura, ta ɗauko abin sawa a kunne mai makirfo ta miƙa mata. “Mama, ga shi, ki yi magana da ɗanki.” Shekara goma sha biyu tana cikinmu, ta san kunyar ɗan fari sarai, amma ta ɗauka a rana irin wannan za a ajiye ta. Inna ta dubi abin kamar an miƙo mata garwashi, ta tashi ta fice tsakar gida. Ni kuwa na fashe da kuka, na fara faɗa, ban ma san da wa nake ba.

Judith ta tsaya tana kallon na'urar, sai ta ruga shago ta ciro lasifikokin da take jin waƙoƙin coci da su, ta jona, ta ɗora su a kan taga suna fuskantar tsakar gida. Ta ɗebo shinkafa a faifai ta kai wa Inna, ta ce, “Mama, taimaka min da tsintar nan, idona ba ya ganin tsakuwa.” Ƙarya take, mai lissafa zaren atamfa. Inna ta karɓa, ta juya wa taga baya.

Ni aka ba makirfo. Na'ura ta yi ta ƙugi, ta yi shiru, ta sake. Na yi sallama. Shiru, kamar na ƙirga uku. Sannan muryar Mujtaba ta cika gidan, da ƙarfi har kajin Judith suka watse: “Wa alaikumussalam! Zuhura, ke ta? Kuna ji na?”

Muka yi ta karo da juna a gaisuwa, don maganar tana jinkiri a hanya, ina tambayar gajiya yana amsa kwana. Ya tambayi Hauwa'u, ya tambaya ko ruwan fadama ya janye, ya ce kifinsu na can ba ya kama ƙafar giwan ruwa. Judith tana tsaye a bakin ƙofa da littafinta a hannu, ta manta ba ta rubuta komai ba. Ni dai bayan Inna nake kallo ta taga. Hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafa.

Can ya sassauta murya ya ce, “Tana nan kusa?”

Sai Judith ta zare makirfon daga hannuna, ta ja wayarsa iyakar tsawonta, ta riƙe shi a bakin taga. Tsakar gida ta yi tsit, in ban da janareta. Inna ba ta juyo ba. Gyaran murya kawai ta yi, sau ɗaya, irin wanda take yi in za ta shiga ɗakin da yake ciki.

Muka jira abin ya ƙetare teku. Sannan muka ji numfashinsa ya karye, ya ce, “Na jiya, Inna. Lahiyata lau.”

Inna ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗaga faifan ta ce, “Maman Mirabel, wag ga shinkahwa wa yas sayar miki da ita? Duk tsakuwa ta.” Hawaye na ɗiga a kan hatsin, tana ta tsinta.